Naira Dubu Shida da Har Yau Nake Neman Mai Su

Assalamu alaikum. Ni dillalin gidaje ne a cikin garin Sakkwato. Na faɗi haka tun farko don na san akwai waɗanda da sun ji kalmar dillali sai su tsuke fuska, kuma ba na ganin laifinsu, ni ma na taɓa tsuke tawa. Kullum ana gardama a kan kuɗin da muke karɓa kafin mu nuna wa mutum gida, wanda wasu ke kira kuɗin zagaye, wasu kuɗin mai, masu ofis kuma su ce kuɗin fom. Na biya kuɗin nan lokacin da ba ni da wurin kwana, daga baya kuma na karɓe su daga hannun wadda ta fi ni shiga uku. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan.

A gidan gado aka haife ni, cikin tsohon gari, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa Hubbaren Shehu. Gida ne mai zaure biyu da sassa da yawa. In yaro ya isa aure sai a yanka masa wuri daga baya, a ɗora ɗaki da rumfa, shi ke nan ya zama magidanci. Haya a wurinmu abin baƙi ce: ma'aikatan da aka turo daga wata jiha, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, 'yan kasuwar kudu. Har na kai shekara talatin ban taɓa tambayar nawa ake biyan ɗaki a shekara ba.

Mahaifinmu ya rasu a 2018. Mu goma sha bakwai ne magada, ɗakuna uku, kuma duk wanda ya san gidan yawa ya san sauran labarin. A 2019 aka sayar da gidan aka raba kuɗin. Na zuba mafi yawan rabona a shagon yadi da shadda a Babbar Kasuwa, na kama hayar ciki da falo a Runjin Sambo ta hannun wani abokina, ba dillali ba la'ada. Shekara biyu muna cikin rufin asiri, ni da matata da yara uku.

Ranar Talata 19 ga Janairun 2021 gobara ta tashi a kasuwar. Ba zan tsaya a kanta ba, mutane da yawa sun fi ni asara. Abin da ya rage mini shi ne littafin bashin shago, shi ma don na kwana da shi a gida ina lissafi. Ban gama farfaɗowa ba, a watan Maris, mai gidan da nake haya ya yi sallama da ni bayan Isha'i. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce ɗansa zai yi aure bayan ƙaramar Sallah, yana son wurin. Ya ba ni wata biyu. Mutumin kirki ne, gidansa ne, ɗansa ne, ban riƙe shi da komai ba.

Abin da na iya haɗawa daga gudunmawar 'yan'uwa da kuɗin tunkiyar matata naira dubu saba'in ne. Da su na shiga neman gida, kuma azumin shekarar ya kama a tsakiyar Afrilu. Wanda bai san Sakkwato a Afrilu ba, rana ce da ke wuce digiri 40, iskar da ke bugun fuskarka a kan mashin kamar daga bakin tanda take fitowa.

Dillalin farko na same shi a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, da wayoyi biyu a hannu. Na gaya masa buƙatata. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Akwai gidaje, Alhaji, sai wanda ka zaɓa. Kawo kuɗɗin zagaye dubu biyu mu tahi." Na ba shi, na kuma biya mana kabu-kabu. Gidan farko a kulle yake da ƙaton kwaɗo. Ya buga waya, ya yi ta "to, to", sannan ya ce mai makulli ya tafi Illela, amma in leƙa ta kafar ƙyaure. Na leƙa, na ga tsakar gida mai siminti da bishiyar lemo, raina ya biya. Na biyu da mutane a ciki, matar gidan ta biyo mu har waje tana faɗa, ta ce su ba su ce za su tashi ba, a daina kawo mata ƙatti suna leƙa mata ɗaki. Na uku yana da kyau, amma dubu ɗari da hamsin ne, alhali na gaya masa abin da ke hannuna tun a kan benci. Da muka rabu ya ce in dawo jibi, wasu za su fito. Da na dawo, sabon zagaye ne, sabon kuɗi.

Dillali na biyu mai ofis ne, da fanka da tebur. Naira dubu biyar kuɗin fom. Na cika suna da unguwar da nake so, aka ba ni rasit, aka ce za a kira ni. Har yau ba a kira ba. Na uku yaro ne matashi mai fara'a, ya karɓi dubu ɗaya da ɗari biyar, muka hau mashin, muka karya kwana sau biyu ko uku a cikin lungu, sai ga mu a ƙofar gidan nan mai kwaɗo. Ya ciro waya. Na ce masa, "Ƙanena, bari in hutar da kai. Mai makulli ya tafi Illela." Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, bai ji kunya ba, kuma bai mayar mini da kuɗina ba.

Duk abin da na kashe ina rubutawa a bayan littafin bashin nan, sabon ɗan kasuwa ne, hannu ba ya mantawa. Cikin mako uku na bi dillalai shida. Da kuɗin zagaye da na fom da na kabu-kabu, naira 23,500 suka tafi. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hayar shekara ke nan, ban taka ko dokin ƙofar gidan da zan iya kamawa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne duk zagayen da na biya yana rage irin gidan da zan iya nema. Na fara da neman ciki da falo, na koma ina tambayar ɗaki ɗaya.

Mai gida ya fara kawo masu fenti, don haka muka kwashe kaya kafin wa'adi. Gado da katifa suka tafi gidan yayata, kwanuka da akwatuna gidan wani maƙwabci, matata da yara suka koma gidan iyayenta a Gidan Igwai, tana da ciki wata shida. Ni kuma ina kwana a zauren wani abokina. Kullum da magariba sai in je gidan surukai shan ruwa, don surukina ya rantse sai na riƙa zuwa. A shimfiɗa mini tabarma a waje, a kawo kunu da ƙosai, yarana su zo su zauna a jikina, ni kuwa loma ba ta wucewa. Ba wanda ya taɓa gaya mini magana marar daɗi a gidan. Kyautatawar ce ma take ƙona ni. Namiji ya aje mace shekara tara sannan ya mayar da ita ɗakin uwarta da ciki, ba saki ba yaji, sai don ya kasa samar mata inuwa. Akwai daren da na bar gidan na tsaya a bakin titi na rasa ina zan nufa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar gobara.

A masallacin da nake sallar asham na haɗu da dattijon da ya canza mini hanya. Liman ne ya haɗa mu, ya ce shi ma dillali ne. Da na ji haka na kai hannu aljihu tun kafin ya yi magana. Ya ce, "Mi kaka nema cikin aljihu?" Na ce kuɗin zagaye. Ya ce in zauna. Tambaya uku ya yi mini: nawa ne a hannuna tsakani da Allah, yara nawa, kuma iyalina za ta iya zaman gidan haya na haɗaka ko ba za ta iya ba. Na amsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, yanzu ban da gidan kuɗɗinka. In na samu ina kiran ka." A mako uku, shi ne mutum na farko da ya ce mini babu. Wallahi sai na ji sanyi a raina kamar ya ce akwai.

Bayan kwana tara ya kira. Ciki da falo ne a Mabera, tsohon gini. Tun a hanya ya karanta mini aibin gidan: ba famfo sai 'yan ga-ruwa, in damina ta sauka ruwa na kwanciya a layin, kuma makewayin yana son gyara. Mai gidan na son dubu sittin da biyar. Baba, wato dattijon, ya zauna da shi ya sa ya karɓi dubu arba'in, sauran bayan wata huɗu. La'adarsa kashi 10 cikin 100 ce, naira 6,500, ya karɓi dubu biyu ya ce in kawo sauran in Allah ya hore. Ana saura kwana uku Sallah muka tare. A ɗakin aka haifi ɗiyata ta huɗu, ranar suna kuwa sai da baƙi suka naɗe wando kafin su iso ƙofa, kamar yadda ya faɗa.

Ba ni da jarin komawa kasuwa, shi kuma gwiwoyinsa sun gaji. Na ari mashin wurin ƙanen matata na fara kai shi wurare, a hankali na zama yaronsa. A nan na ga bayan sana'ar, kuma dole in yi wa abokan aikina adalci. Dillali yana yawo unguwa-unguwa yana tambayar inda za a tashi, yana zaman jiran masu gidaje, yana ƙona kati a waya, kuma ba wanda ke biyan sa ko sisi sai ciniki ya faɗa. Wani zai sa ka nuna masa gida takwas, ashe ko sadaki bai biya ba, yana dai son ya san farashi. Wata za ta zo da ƙawaye uku kallo kawai. Mafi muni shi ne wanda za ka kai shi gida da rana ya ce bai yi masa ba, da dare ya koma shi kaɗai ya sami mai gidan su gama, don ya tsere wa la'ada. An yi mana haka ba sau ɗaya ba. Ga kuma sarƙa: gida ɗaya sai ka tarar dillali uku ko huɗu ne a kansa, wanda ya san mai gida, wanda ya ji daga gare shi, da wanda ya kawo ɗan haya, la'ada ɗaya za a yanka kowa ya ɗauki ƙashi. Wata guda kan wuce ba mu ƙulla ciniki ko ɗaya ba.

Na taɓa ce wa Baba me zai hana mu riƙa karɓar ɗan wani abu kamar kowa. Ya ce shi tun yana saurayi a kasuwar Kara ya fara dillanci, na dabbobi, kuma bai taɓa ganin an biya dillali don ya nuna sa ba, sai in an sallama. Ya ce ƙafar dillali ita ce jarinsa, wata rana ta ci riba wata rana ta faɗi. Ban yi musu ba, amma a raina na ce ai Baba ba shi ke sayen mai ba.

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2023, lokacin da ake fama da ƙarancin takardun naira. Ya bar mini masu gidajen da suka yarda da shi, da sunansa mai kyau. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Daga Mabera zuwa Arkilla ko Kwannawa da dawowa ya zama abin da sai ka yi lissafi. Sai na fara cewa a ba ni dubu ɗaya kuɗin mai. Ban ga laifi a nan ba, har yanzu ma ban gani ba, don mai nake saye da su.

Yadda abin ya zarce ne ban lura ba. Dubu ɗaya ta zama biyu. Wata ranar Asabar mutum huɗu suka zo, na zagaya da kowannensu, da yamma na ƙirga naira dubu takwas, ba wanda ya kama gida. Na tuna cinikin da na ƙulla makon da ya wuce, gidan dubu ɗari, la'ada dubu goma, mu uku muka raba, bayan na yi kwana goma sha ɗaya ina bin sa. Ɗan kasuwa ne ni, lissafin bai yi mini wuya ba. Daga ranar na rage yawon neman sababbin gidaje. Me zai kai ni? Ina da gida huɗu ko biyar da nake nunawa, wasu an riga an kama, wasu masu su sun sa kuɗin da ba mai biya. Wanda ya sami gida ya tafi ke nan, ba zan ƙara ganin kuɗinsa ba sai bayan shekara. Wanda bai samu ba jibi zai dawo. Ban taɓa faɗa wa kaina haka da baki ba, amma haka nake aiki.

Masu nema kuma ba sa ƙarewa. Rashin tsaro a gabashin jihar ya koro mutane daga yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo. Mai dangi ya raɓa da dangi, marar kowa ya shiga kangon da ba a gama ginawa ba, wanda ya tsira da 'yar dabba ya sayar ya zo neman ɗaki. Ba su san unguwanni ba, ba su san farashi ba, kuma suna ganin duk mai mashin da waya a birni ya san abin da yake yi.

Cikin sanyin ƙarshen shekarar wata dattijuwa ta zo wurina, za ta yi sa'ar mahaifiyata. Daga wani ƙauye na wajen Sabon Birni take, da jikoki huɗu da matar ɗanta. Ban tambaye ta ina mazan gidan suke ba, ita ma ba ta faɗa ba. Suna zaune a wani kango kusa da baifas, sun toshe tagogi da buhu. Ta kwance bakin zane ta nuna mini naira dubu arba'in, ta ce ɗaki ɗaya take so mai ƙyaure, ko ina ne, don sanyi na kama yaran. Na san ba ni da ɗakin wannan kuɗi. Kalmar da Baba ya gaya mini a masallaci tana bakina, guda ɗaya ce, babu. Sai na ji kaina ina cewa, "Inna, akwai. Kawo dubu biyu mu duba."

Sau uku na zagaya da ita, ina gaba a mashin tana biye a keke napep da ita ke biya. A na ukun na kai ta wani ɗaki a Gagi wanda na san an ba da kafin alƙalaminsa tun kwana biyu da suka wuce, don da hannuna na kai wa mai gidan kuɗin. Makullin na wurina kafin mai shi ya tare. Ta shiga da bisimilla. Ta shafa bango, ta buɗe ƙyaure ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Ta fito tsakar gida ta nuna wani lungu ta ce a nan za ta kafa murhu. Na ce zan yi magana da mai gida. Washegari na ce mata wani ya riga mu.

Na shirya wa faɗa, ko kuka, ko Allah ya isa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ba komi ɗana, ba rabonmu ba na. Allah shi saka maka da alheri, ka sha wahala da mu." Ta gyara lulluɓi ta tafi.

Da dare na sayo tsire na kai gida. Matata ta tambayi ko ciniki ya faɗa, na ce a'a, 'yan kuɗin zagaye ne, har na ba ta labarin tsohuwar sama-sama kamar abin tausayi da ya faru da wani. Ta ajiye tsinken da ke hannunta. Ta ce, "Malam, ita ma mai makullin Illela ya tafi?" Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Na yi fushi, na ce ba ta san wahalar da nake sha kafin a ɗora tukunya ba, na fita. Kwana biyu ba na amsa mata magana sai da ƙyar. Fushin ba da ita nake ba, ita ma ta sani, shi ya sa ba ta ba ni haƙuri ba.

A rana ta uku na je zauren malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa jefi-jefi bayan magariba. Na jira aka watse, na ce wani abokina ne dillali yake da tambaya. Malam ya saurara har na gama. Ya ce dillanci halal ne, kuma malamai sun yi bayanin hanya biyu da mutum zai ci ladan irin wannan aiki. Ta farko ju'ala, wato jinga: a ce in ka samo mini kaza kana da kaza. Ya kawo ayar Suratu Yusuf inda aka ce wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda, ya ce a Risala ma an faɗa cewa mai irin wannan jinga ba shi da komai sai aiki ya kammala. La'ada ke nan. Ta biyu ijara: a ɗauke ka aiki sananne da lada sananne, kamar a ce kai ni gida uku da babu kowa a ciki in ba ka kaza, ko in biya man mashin ɗinka. Ya ce wannan ma ba laifi in an yi shi a fili kowa ya yarda. Amma ka karɓi kuɗin mutum ka kai shi inda ka san ba zai samu ba, wannan ba jinga ba ce ba ijara ba ce, ha'inci ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka ce wa abokin naka ya mayar mata da kuɗinta tun yana da ƙafar zuwa."

Da safe na sa dubu shida a ambulan na nufi kangon. Na tarar da tifa ta sauke yashi, magina na aiki, buhunan tagogi a ƙasa. Mai wurin ya ci gaba da gininsa, an ce su tashi tun shekaranjiya. Ba wanda ya san inda suka yi. Lambar da take kira na da ita ta wani mai cajin waya ce, ya ce tsofaffi irinta da yawa ke zuwa ara, bai san wacce nake nufi ba. Na bi kangaye a Gidan Dare da Tamaje da bayan Kwannawa, na tambayi masu unguwa, na tambayi 'yan ƙauyukan wajensu a tasha. Ko sunanta ban sani ba. Sau uku na karɓi kuɗinta ban taɓa tambayar sunanta ba, Inna kawai nake ce mata. Malam ya ce in yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je mata, in kuma Allah ya haɗa mu in biya ta. Na yi sadakar. Sauran waɗanda na tuna na yi wa irin haka kuma ina da lambarsu, na kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun karɓa, wasu sun yafe, wani ya zage ni tas, kuma yana da gaskiya.

Ban bar dillanci ba, ban kuma koma tsarin Baba gaba ɗaya ba, don shi bai ga litar mai ta haura naira dubu ba. Yanzu in mutum ya zo, ba na karɓar komai don ya gaya mini buƙatarsa. In ba ni da gidan kuɗinsa sai in ce babu. In akwai, in tura masa bidiyon gidan ta WhatsApp da aibinsa duka, in kira mai gidan a gabansa ya ji da kunnensa cewa wurin na nan kuma ga farashi. In ya ce mu je, kuma da nisa, shi zai zuba mai, in gaya masa nawa ne tun kafin mu tashi, in ciniki ya faɗa in cire shi daga la'ada. In muka je ya tarar ba yadda na faɗa ba, kuɗinsa na dawo masa. Ni kuma abin da nake nema a wurinsa shi ne ya sa hannu a 'yar takarda cewa gidan da na nuna masa ba zai zagaya ya kama a bayana ba.

Ra'ayina a gardamar ke nan, ga wanda yake son ji. Kuɗin mai na gaskiya haƙƙin dillali ne, wanda ya ce a kai shi Arkilla kyauta a wannan zamani bai yi adalci ba. Amma kuɗin fom da kuɗin zagayen da ba a cirewa daga la'ada, ina ganin bai kamata a karɓa ba, ko da dillalin mutumin kirki ne. Ni ma ai ina ganin kaina mutumin kirki. Matsalar ita ce ranar da rashin samun gidanka ya fi samunsa kawo wa dillali kuɗi, zuciyarsa za ta karkata ba tare da ya yi shawara da ita ba. Wata shida kacal ya ɗauke ni.

Abokan sana'a wasu na kira na Ustaz, wasu na cewa ina ɓata musu kasuwa. Samuna ya ragu, ba zan ɓoye ba. Takardar da nake sa a sa wa hannu ma ba ta hana komai in mutum ya yi niyya, ko watan jiya wani ma'aikaci ya zagaya ya kama gidan da na nuna masa a Bado, na kira shi ya daina ɗauka. Ranar na dawo gida ina huci, na ce wa matata gobe zan koma karɓar dubu biyu kamar kowa. Ta ce to. Da safe ban koma ba.

Ambulan ɗin na nan a aljihun gaban rigata, na sake sa wasu dubu shida a ciki bayan sadakar. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga Masallacin Shehu, na hango wata tsohuwa da yara biyu ta nufi wajen Tsohuwar Kasuwa, tafiyarta iri ɗaya, lulluɓin ma kamar shi. Na bar mashin a bakin hanya ko kulle shi ban yi ba, na kutsa cikin mutane ina kiran Inna, Inna. Mata uku suka waiwayo. Da na iso gabanta na ga ba ita ba ce. Ta ce, "Lahiya, ɗana?" Na ce lafiya lau, na yi kama ne. Na gaishe ta, na koma wurin mashin.